Yadda Za Ka Saba da Muryarka ta Waƙa Har Ka Daina Gudun Jin Ta

Kana ɗaki kai kaɗai, waƙa tana fita daga bakinka yadda kake so, har kana lumshe ido. Sai zuciya ta ce maka bari ka ɗauka a waya ka ji. Ka danna, ka rera baiti ɗaya, ka kunna. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba ka kashe, tsikar jikinka a tashe, kana cewa wai dama haka nake? Muryar da ta fito siririya ce, kamar ta hanci take biyowa, tana rawa a wurin da ka ɗauka ta tsaya cak. Akwai waɗanda daga wannan rana suka daina waƙa a gaban mutane. Akwai ma waɗanda ko su kaɗai ne a gida sai sun yi ƙasa da murya.

Na daɗe ina rera waƙa, na zauna da masu koyo da yawa, kuma wannan ciwo na san shi a jikina. Abin da na gano shi ne, idan mutum ya ce ba ya son muryarsa, abubuwa uku ne a cakuɗe. Akwai baƙunta, wato bai saba jin ta daga waje ba. Akwai kurakurai na gaske, irin su kauce wa kari da yankewar numfashi. Sannan akwai ainihin muryar da aka halicce shi da ita. Baƙunta sabo ne maganinta. Kurakurai atisaye suke so. Ita kuwa ta ukun lafiyarta ƙalau, sai dai ba za ka gane haka ba sai ka yaye biyun farko daga kanta. Ka ware wata ɗaya aƙalla, minti goma zuwa sha biyar a rana, mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko: ka san abin da ya sa ta zo maka baƙuwa

A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda biyu a jere. Tsawonsu ga babban namiji bai wuce santimita biyu da rabi ba, na mace kuma sun fi haka gajarta. Idan iska ta taso daga huhu ta bi ta tsakaninsu sai su riƙa kaɗawa, suna buɗewa suna rufewa. A maganar yau da kullum na namiji suna kaɗawa kamar sau 100 zuwa 130 a daƙiƙa ɗaya, na mace kamar sau 200 ko sama da haka kaɗan. Sautin da ke tashi daga nan ɗanye ne. Sai ya ratsa maƙoshi da baki da hanci kafin ya ɗauki kamannin da mutane za su ji su ce muryar wane ce.

Wanda ke zaune a gabanka ta hanya ɗaya yake jin ka: sauti ya fito daga bakinka, ya bi iska, ya shiga kunnensa. Kai kuwa ta hanya biyu kake jin kanka a lokaci guda. Akwai sautin da ya bi iska ya zagayo kunnenka, akwai kuma wanda ya bi ta nama da ƙashin kanka ya isa can cikin kunne. Wannan hanya ta biyu ta fi ɗaukar sautuka masu kauri, shi ya sa tun kana yaro kake jin muryarka a cike, da nauyi da ɗumi. Na'urar ɗaukar murya ba ta da ƙashin kanka. Abin da iska ta kawo mata kawai take kamawa.

Gwada yanzu ka ji. Toshe kunnuwanka biyu da yatsu, ka rufe baki ka ja "mmm". Sautin zai cika maka kai, ya ƙara kauri. Wannan gunjin naka ne kai kaɗai, babu mahalukin da ya taɓa jin sa. Georg von Békésy, masanin nan ɗan asalin Hangari da ya samu kyautar Nobel a 1961 kan binciken yadda kunne ke aiki, yana cikin waɗanda suka yi nazarin wannan ji ta ƙashi.

To ka tsaya ka yi tunanin abin da hakan ke nufi. Muryar da ta firgita ka a waya ita ce wadda mahaifiyarka da abokanka suka sani tun can. Duk wanda ya taɓa ce maka muryarka da daɗi, ita ya ji. Kai kaɗai ne baƙo a wurinta. Kuma wannan haɗuwa sabuwa ce ga ɗan Adam, domin sai a 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke naɗar murya ta maimaita ta. Kafin nan duk mawaƙan da aka yi a duniya sun rayu sun mutu ba su ji kansu daga waje ba, in ban da amsa-kuwwar dutse ko kogo.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan zafi. A 1966 wasu masu bincike biyu a Amurka, Philip Holzman da Clyde Rousey, suka riƙa kunna wa mutane muryoyinsu suna lura da halin da suke shiga. Suka ga cewa ba bambancin kauri kaɗai ke tayar wa mutum da hankali ba. Yana jin abubuwan da ya ɗauka ya ɓoye, fargaba da ɗari-ɗari da baƙin ciki, sun fito fili a muryar. Wannan fa a magana ke nan. Ina ga waƙa, wadda dama zuciya ake buɗewa a cikinta? Saboda haka kunyar da ka ji ba ta gaya maka komai ba game da kyau ko munin muryarka. Kunya ce irin ta wanda aka bankaɗa masa labule bai shirya ba.

Mataki na biyu: ka yi wa muryar adalci wajen ɗauka

Kada ka yanke wa muryarka hukunci da saƙon murya na WhatsApp. Manhajojin hira don magana aka yi su, suna matse sauti don kada ya ci data. Lasifikar waya kuma ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da kauri, wato daidai abin da kake kewa shi take ƙara zubarwa.

Ka buɗe manhajar naɗar murya da ta zo da wayarka, ka saita ta a inganci mafi girma, idan kuma akwai tsarin rage hayaniya ka kashe shi. Kada ka riƙe wayar a hannu. Ajiye ta a kan tebur ko kanta, daidai tsayin bakinka, nisan kamar tsawon hannu, ka ɗan kautar da ita gefe don kada hucin baki ya riƙa bugun ta. Nemi ɗaki mai labule da katifa da kaya, ka kashe fanka, ka rera a tsaye. Ɗakin da babu komai a ciki yana sa murya ta yi ƙara kamar a gwangwani. Banɗaki kuma yaudara yake yi, domin bangonsa yana dawo da sauti ya cika shi. Ka ci gaba da jin daɗinka a can, amma ba a awo a can. Idan za ka saurara, ka sa abin sauraro a kunne. Kada ka ƙara wa muryar wani ado na manhaja.

Mataki na uku: makonni biyu na sauraro kawai

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa saboda ba ya kama da aiki. A 1968 Robert Zajonc na jami'ar Michigan ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yana sa mutum ya fara son sa, ko kalma ce da bai san ma'anarta ba, ko fuskar da bai san mai ita ba. A 1977 wasu masu bincike suka gwada wannan da hotuna. Suka nuna wa mata hotonsu iri biyu, ɗaya yadda kyamara ta ɗauka, ɗaya a juye yadda madubi ke nunawa. Masu hoton suka fi karkata ga na madubi, domin shi suke gani kullum. Ƙawayensu da masoyansu kuwa suka fi son na kyamara. Muryar da kake ji a cikin kai ita ce madubinka. Ka yi shekara ashirin ko arba'in tare da ita. Ta wajen fa, duka-duka minti nawa ka taɓa ba ta?

Zaɓi waƙa ɗaya mai sauƙi da ka haddace, wadda ba ta hawa sama sosai. Baiti ɗaya da amshi sun isa, kada ya wuce minti ɗaya. Ka ɗauka sau ɗaya tak, ba a sakewa. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin gogewa, ka danne. Sa kwanan wata ka ajiye, kuma kada ka saurara a ranar. Dalili shi ne, idan ka kunna nan take, kunnenka bai manta yadda ka ji waƙar a cikin kai ba, sai bambancin ya yi maka kaifi fiye da kima.

Washegari ka kunna sau uku. Na farko, abin da ake so kawai ka kai ƙarshe ba ka kashe ba. Idan fuska ta yamutse, bar ta ta yamutse. Na biyu, ka kunna kana wani aikin hannu, ninke kaya ko shara, yadda waƙar za ta shiga ta gefen hankalinka kamar yadda waƙar rediyo ke shiga. Na uku, ka zauna ka ɗauka wani ƙaninka ne ya turo maka yana jiran ka ce wani abu. Bayan nan sai ka ɗauki ta yau ka ajiye wa gobe.

Wannan sauraro na uku yana da tushe. A 2013 Susan Hughes da Marissa Harrison, masu bincike a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka cakuɗa muryoyin mutane da na wasu, suka ce su ba kowace murya maki, ba tare da an gaya musu tasu na ciki ba. Sai ga shi mutanen sun ba muryoyinsu maki sama da wanda sauran mutane suka ba su. Kunnenka ba maƙiyin muryarka ba ne. Sanin cewa taka ce shi ke ɓata lissafin.

Kwana 14 za ka yi a haka, babu gyara, babu sharhi. Yawancin waɗanda na ga sun bi wannan tsari, wajen ƙarshen makon farko tsikar jikin take dainawa. Ba wai sun fara son muryar ba. Ta dai daina ba su mamaki, kuma a wannan mataki iyakar abin da ake nema ke nan. Idan naka ya ɗauki makonni uku ko huɗu, ba laifi, ka ƙara kwanakin.

Mataki na huɗu: ka raba abin gyara da abin da naka ne

Yanzu kunne ya huce, ana iya aiki da shi. Ɗauko takarda ka raba ta gida biyu. Doka ɗaya ce: an hana kalmomin zagi. "Mummuna" da "ba daɗi" da "abin kunya" ba su nuna maka abin da za ka yi gobe ba. Ka rubuta abin da ya faru da inda ya faru. A kalma ta uku ta amshi na kasa kaiwa sama. Numfashi ya yanke kafin ƙarshen ɗango. Na riga kiɗa. Ina haɗiye ƙarshen kalmomi. Irin waɗannan duk gidan gyara za su.

Ɗaya gidan kuma na halitta ne: siranta ko kauri, sanyi ko kaifi, ɗan gardin da ke cikin muryar, yadda take da nauyi ko rashin nauyi. Waɗannan daga tsawon tantaninka da faɗin maƙoshinka da siffar bakinka suke, kamar yadda tsayinka yake daga ƙasusuwanka. Idan ka rasa gidan da za ka sa wani abu, tambayi kanka: in na sauya yadda nake yi, wannan zai sauya? Idan amsar e ce, aiki ne. Idan kuwa ba zai sauya ba sai an ara maka maƙogwaron wani, to naka ne.

Wasu abubuwan suna ruɗarwa, sai an gwada. Idan kana jin muryar tana bin hanci, ka ja "aaa" mai tsawo, kana cikin ja ka matse hancinka da yatsu ka saki. In sautin ya sauya sosai, iska tana zurarewa ta hanci, kuma ana gyara wannan: ka yi kamar za ka fara hamma, can saman maƙoshi zai ɗaga, sai ka rera a haka. In bai sauya ba, ba hanci ba ne, haske ne kawai irin na muryarka. Siranta ma wani lokaci daga cije haƙora take. Tsaya gaban madubi ka ga ko bakinka yana buɗewa, ko kuwa ta tsakanin haƙora waƙar take fita. Rawar murya kuma, idan ba ta da tsari, galibi daga ƙarancin numfashi ne ko tsoro.

Kowane sauraro ka rubuta aƙalla abu ɗaya da ya yi kyau, shi ma da wurinsa. Yadda ka sauko a ƙarshen baiti na biyu, ko wata kalma da ta fito da taushi. Wannan ba lallashin kai ba ne. Kunnen da kuskure kaɗai yake ji, shi ma bai iya ji ba, daidai yake da wanda ba ya jin kuskure ko ɗaya.

Bari in taɓo wani tsoro da mutane ke ɓoyewa, na cewa su an haife su ba kunnen waƙa. Akwai irin wannan lalura da gaske, inda mutum ba ya iya bambance hawa da saukar sauti, amma ba ta da yawa. An daɗe ana cewa kashi 4 cikin ɗari ne, sai binciken Isabelle Peretz ta jami'ar Montreal a Kanada, wanda ya fito a 2017, ya saukar da adadin zuwa kusan kashi 1.5 cikin ɗari. Idan ka saurari kanka har ka gane wurin da ka kauce, to wannan ganewar ita ce shaidar cewa kunnenka yana aiki. A 2007 ma wani binciken da aka yi a Montreal ɗin ya nuna cewa mutanen da ba mawaƙa ba, da aka sa su rage saurin waƙa, yawancinsu sun dace da kari kusan yadda ƙwararru suka dace. Saboda haka kafin ka ce ba ka iya ba, ka fara rage gudu.

Mataki na biyar: ka nemo gidan muryarka

Da yawa daga masu ƙin muryarsu, a gidan wani suke rera waƙa. Sun ji mai waƙar ya ɗauko ta daga sama, su ma suka ɗauko daga nan, alhali maƙogwaronsu ba a nan yake zaune ba. Sai murya ta matse, jijiyoyin wuya su tashi, su ce ai ga shi ba ta da daɗi.

Ka ce "mhm" kamar kana amsa wa mai ba ka labari, ka riƙe sautin. Nan kusa da tsakar gidanka ne. Daga nan ka zame ƙasa a hankali har inda murya ta fara ɓacewa, ka dawo ka haura sama har inda ka fara jin matsi, ka tsaya. Kada ka tura. Yanzu ɗauko waƙarka ka nemo wurin da ta fi hawa, ka rera wannan wurin shi kaɗai a inda ba ya maka wahala, sannan ka koma farko daidai da shi. Ɗauke ta sau uku: a inda ka saba, a ƙasa kaɗan, a ƙasa sosai. Gobe ka saurara. Na sha ganin mutum ya ji ta tsakiyar ya yi shiru, domin karo na farko ke nan da ya ji muryarsa a sake.

Mataki na shida: ka sauke muryar aro

Muryar da kake ji a waƙoƙin da aka fitar kasuwa ba haka ta fito daga baki ba. A sutudiyo mawaƙi yakan rera baiti ɗaya sau da yawa, a tsinto wuraren da suka fi kyau a ɗinke su. Ana ƙara amo, ana daidaita ƙarfin murya, ana ninka ta. Tun 1997 da manhajar Auto-Tune ta fito ake iya miƙe sautin da ya kauce. Wannan duk sana'a ce, ban ga aibinta ba. Aibin shi ne ka ɗora ɗanyar muryarka ta cikin ɗaki a sikeli ɗaya da ita. In kana son awo na gaskiya, nemi inda mawaƙin da kake so ya rera kai tsaye ba kiɗa, ka ji numfashinsa da 'yan tuntuɓensa.

Sai batun kwaikwayo. Kowa da shi yake farawa, kuma makaranta ce mai kyau. Amma ni na yi shekaru ina danne maƙogwarona don in yi kauri irin na wani mawaƙi da nake ƙauna, kullum in tashi da ciwon wuya, kuma duk abin da na ɗauka sai in ji ba shi ba ne, ba ni ba ne. Abin da ya fitar da ni ƙaramin atisaye ne. Ka karanta baitin da muryar magana, kamar kana gaya wa wani na kusa da kai. Maimaita, kana ɗan jan kalmomin. Ƙara maimaitawa, ka bar kari ya shigo a hankali ba tare da ka sauya komai a maƙoshi ba. Muryar da ta fito a karo na uku ita ce taka. Za ka ji kamar ba ta da ado, kamar an tuɓe mata kaya. Ka haƙura da ita 'yan kwanaki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma abin da ke sa mai sauraro ya juyo shi ne ya ji muryar da bai taɓa jin irinta ba.

Mataki na bakwai: gyara ɗaya a lokaci guda

Koma ga takardarka, gidan gyara, ka zaɓi abu ɗaya. Mako guda shi kaɗai za ka bi. Wanda ya ce zai gyara biyar a tare, sai ya ƙare yana rera waƙa yana gadin kansa.

Kafin kowane atisaye ka ɗumama murya na minti biyar. Ka ja "mmm" a hankali kana hawa kana sauka. Ka kaɗa leɓɓa da iska da murya, irin yadda yara ke kwaikwayon mota. Ko ka samu siririn bututun roba irin na zuƙar ruwa, ka sa a baki ka rera ta cikinsa. Masanin murya Ingo Titze ya yi fice wajen yaɗa wannan na ƙarshe, kuma hikimarsa ita ce idan aka rage ƙofar fitar iska, matsin da ke komawa baya yana sa tantanin su kaɗa ba tare da sun bugi juna da ƙarfi ba. Wajen numfashi, sa hannu a gefen haƙarƙari, ka ja iska har ka ji sun buɗe, kafaɗa kuma tana nan ba ta ɗaga ba. Ka sa alama a rubutun waƙar a duk inda za ka sha iska, don kada ta yanke maka a tsakiyar kalma.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: karɓar muryarka daban, jure wa ciwo daban. Bai kamata waƙa ta sa zafi a maƙogwaro ba. In ka ji zafi ka tsaya. Ka yawaita shan ruwa, ka guji hayaƙi da ihu da yawan gyaran murya da ƙarfi. Idan murya ta dishe ta wuce makonni uku ko huɗu ba ta dawo ba, ka je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Mataki na takwas: ka bar wani kunne ya ji

Ina yaro wani malami da ke koya mana waƙa ya ce in riƙa motsa baki kawai, kada in fitar da murya. Maganar ba ta kai daƙiƙa biyar ba, amma na yi shekaru ina ɗauke da ita. Idan ka bincika, mai yiwuwa kai ma akwai wata magana irin wannan a ƙasan ƙyamarka, daga yaya ko aboki ko wanda ya yi dariya. Ka tuno ta, ka tuno shekarunka a lokacin. Sau da yawa za ka tarar yaro ne aka yi wa hukuncin, wanda ba a taɓa koya masa komai ba, ko wanda muryarsa ke cikin fashewar balaga. Wannan hukunci bai hau kanka na yau ba.

Fara da rera waƙa cikin mutane, inda muryarka za ta jingina da ta wasu. Daga nan ka zaɓi mutum ɗaya, mai gaskiya kuma mai tausayi. Mai gaskiya marar tausayi zai tayar da tsohon miki, mai tausayi marar gaskiya kuma ba za ka yarda da yabonsa ba. Kada ka tambaye shi ko muryarka tana da daɗi, domin amsar ba za ta amfane ka ba ko ta wane ɓangare ta faɗo. Tambaye shi wane wuri ne ya fi shiga ransa, kuma ina ne bai ji kalmomin sosai ba. Kada ka fara da ban haƙuri, irin su yau muryata ba ta da kyau ko ban shirya ba. Ka rera kawai. Idan ya yaba, ka ce na gode ka yi shiru. Kada ka bi yabon da jerin kurakuran da bai ji ba. In akwai hali, zama biyu ko uku da malamin murya zai rage maka doguwar tafiya, domin zai ji cikin minti kaɗan abin da kai za ka yi wata kana lalube. Amma kada ka yi saurin ɗora muryarka a intanet don neman ra'ayin jama'a tun ƙafarka ba ta tsaya ba.

Ranakun ƙyama za su riƙa dawowa jefi-jefi, musamman idan ka gaji, ko ba ka yi barci ba, ko ranka a ɓace yake. A irin wannan rana kada ka yanke wata shawara, kada ka goge komai. Rera don kanka, ka bar wayar a aljihu. Ni ma ina da ranakun da ba na ɗaukar komai, kuma ina ba kowa shawarar ya ware aƙalla kwana biyu a mako da zai yi waƙa ba na'ura, ba takarda, ba awo.

Idan wata uku ya cika, ka koma ga abin da ka ɗauka a ranar farko. Sake rera wannan baitin da amshinsa a ɗakin da ka fara, wayar a inda ka saba ajiye ta. Bar shi ya kwana. Da safe ka sa abin sauraro a kunne, ka kunna na farkon har ƙarshe, sannan ka kunna na jiya.